Barewa Mai Itace A Ka

A shekarata ta uku ina koyar da ƴan jardan, ajin ƙananan yara, a wata lakwal, wato makarantar boko, ta cikin Dakoro, diraktanmu ya tafi Maradi taron horo, ya dawo da ambulan cike da takardu. An ce musu yara ƙanana su riƙa shafa launi a hotunan dabbobin ƙasarsu, hannu ya saba da kireyo, wato fensirin launi, su kuma san abin da ke kewaye da su. Wani ne ya ciro hotunan daga intanet. Dabba ɗaya ce dai a ciki: nan tana tsaye, can tana kwance, can kuma tana shan ruwa a gindin wasu itatuwa masu tsini da ban taɓa gani ba. Ƙahoninta sun yi rassa.

"Mushe, mi sunanta da Hausa?" na tambaye shi.

"Barewa mana," in ji shi.

Ban yi gardama ba. A Dakoro aka haife ni, amma ban taɓa ganin barewa ba. A bakin kakata na san ta, cikin karin magana, inda ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na raba takardun. Kireyo ruwan ƙasa guda biyu gare mu, yara kuwa sun cika aji, saboda haka muka samu barewa shuɗiya, da koriya, da wata ja mai ƙafafu ruwan ɗorawa. Akwai wata yarinya ƴar makiyaya daga Azagor, tana zaune wurin gwaggonta don karatu. Ba ta cika magana ba. Ta daɗe tana kallon tata takarda, sannan ta ɗaga yatsa.

"Madam, mi ya sa itace ya tsiro ma akuyar ga bisa kai?"

Na ce mata ba akuya ba ce, barewa ce, kuma ƙaho ne ba itace ba. Ta ce to.

Washegari, bisa ga umarnin takardar horo, sai aikin hannu: a liƙa wa dabbar ƙahoni da ƴan tsinke. Ba mu da gam, sai na jiƙa ƙaro. Yara suka zo da tsinken aduwa da na kalgo, muka wuni muna liƙawa, ina cire musu ƙaya daga yatsu. Ni da na ce ba itace ba ne, ni na sa aka dasa mata itacen da hannuna. Yarinyar ta dube ni sau ɗaya.

Ranar kasuwa kakanta ya sauko da awaki, ya biyo ta lakwal ya gan ta. Dogon tsoho ne mai rawani, a ƙuruciyarsa ya yi farauta. Ta ja shi har bangon da muka manna aikinmu. Ya matsa kusa, ya ja baya, ya sake matsawa.

"Ɗiyata, wace dabba ce wagga?"

"Barewa ce, Baba."

"Ta wace ƙasa?"

Na ce ban sani ba. Ya fita tsakar gida, ya durƙusa, ya share rairayi da tafin hannu, ya zana da yatsa: siraran ƙafafu, ƴar wutsiya, ƙahoni biyu gajeru masu lanƙwasa, da zobe-zobe a jikinsu. Ya ce ga barewa nan; da can, tsakanin Azagor da Tagriss, sai ka tashe su garke guda daga bayan tudu. Na tambaye shi ina suke yanzu. Ya ce fari ya ci wasu, masu mota da bindiga sun ci wasu.

"Mu ma mun ci namu rabo," ya ƙara, yana kakkaɓe hannu.

Jikar tasa ta ciro takardarta daga bango, ta kwafi zanen a bayanta kafin yara su tattake shi. Ta nemi kireyo ruwan ƙasa, ta jira har layi ya zo kanta. Na juya takardar na sake manna ta a bango tare da sauran.

Bayan mako biyu ansifekta, mai duba makarantu, ya zo. Ya zaga ajin da hannu a baya, ya yaba bangon ƙwarai. Ya ce abin da ake nema ke nan, yaro ya san dabbobin garinsu tun yana ƙarami, ya kuma rubuta haka a kayensa, littafin da yake tafe da shi. Sai idonsa ya faɗa kan ta yarinyar.

"Wannan kuma akuya ce. Madam, ki taimaka mata, ba ta gane darasin ba."

Dirakta yana tsaye a bayansa. Na buɗe baki, na tuna cewa shaidata duka zanen rairayi ne, shi kuwa nasa da inji aka buga. Na ce, "To, Mushe." Har yau in na tuna wannan to ɗin ina jin kunya.

Ban ce wa yarinyar ta gyara ba, amma ta ji abin da aka faɗa. Da aka fita hutun tsakiya ta tsinto tsinke huɗu, ta lakato ragowar ƙaro, ta liƙa su a kan gajerun ƙahonin nan, da kyau, ba karkace.

Da kakan ya sake saukowa, ita da kanta ta nuna masa. Na tsaya daga bakin ƙofa ina jiran faɗa. Ya riƙe takardar nesa da idonsa, ya taɓa tsinken da ɗan yatsa.

"To," ya ce, "barewar ma ta shiga lakwal ke nan."

Ya roƙe ni ɗaya daga cikin waɗanda ba a shafa wa launi ba, ya kai wa tsofaffin Azagor su gani, don ya ce in da baki ya faɗa ba za su yarda ba. Na ba shi biyu. Ya naɗe su a hankali, ya cusa a aljihun rigarsa, ya tafi neman motar kasuwa.