Haƙora Biyu da Na Goge

Duk ran da aka buɗe sitatar mota a gabana, warin nan na ƙonannen jan ƙarfe da garin gawayi ya bugi hancina, sai in tsinci kaina a ƙarƙashin rumfar kakana a Umbadda, wata unguwa a Omdurman, ina ɗan shekara goma sha biyu. Na daɗe ina ɓoye abin da zan faɗa maka.

Kaka, mahaifin Innata, ya yi ƙuruciyarsa a warshoshi, wato garejojin gyara, na unguwar Shajara yana gyaran injinan lantarki. Da idonsa ya mutu sai ya dawo gida, masu lori suka biyo shi har ƙofa. A cikin kowace sitata akwai zoben jan ƙarfe mai haƙora a jere, wanda gawayi ke gogawa a kai don wuta ta shiga. Kollekta yake ce mata. Dokarsa ɗaya ce, kada kowa ya goge ta kafin ya karanta ta, domin a cewarsa a nan mota take rubuta ciwonta. Yakan ɗora farcen babban yatsa, ya juya a hankali, kansa a karkace kamar mai sauraron magana ta bayan katanga. Idan ya ji zane-zane kamar an naɗa zare, yashi ne ya shiga. Idan abin da ke raba haƙoran ya taso, gawayi zai riƙa tsalle. Idan jan ƙarfen ya malalo ya rufe tsagar da ke tsakanin haƙoran, zafi ne ya yi yawa.

Launi kaɗai farce ba ya gani, kuma nan ne aikina. Ni ne idonsa.

"Malalacin gidanmu, wane launi?"

Idan na ce launin busasshen dabino, sai ya yi murmushi, lafiyarta ƙalau. Idan na ce ga haƙori baƙi, sai ya aika a ɗauko batir da ƙwan fitila, mu bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya har mu gano wayar da ta saki a ciki. Wannan aikin yakan cinye yini.

Wata Juma'a cikin bazara, Kawu, ƙanin Innata, ya kawo sitatar lorinsa. Washegari zai ɗauki kaya da mutane ya yi yamma ta hanyar rairayi.

"Baba, wani lokaci sai ta yi ƙas ta yi shiru. Ka taɓa min ita." Ya dunguri kaina. "Kai kuma ya zol, ɗan samari, ka buɗe ido, kada ka sa tsoho ya ji kunya."

Suka tafi masallaci, aka bar ni in kwance ta. Da na zare sai na ga haƙora biyu a jere sun ƙone baƙi ƙirin, bakinsu ya ciccinye. Na san ma'anarsa. Na kuma san cewa da la'asar za a buga gangunan zikiri a filin maƙabarta, abokaina duk za su je. Sai na ɗauki takardar yashi na goge, na goge, har zoben ya yi ƙyalli kamar warwaro.

Kaka ya dawo ya ɗora farce. Ya juya sau ɗaya, ya sake juyawa.

"Ta yi santsi da yawa."

"Haka ta zo, Kaka."

"Wane launi?"

"Ja ne tas, ko'ina ɗaya."

Ya juyo da fararen idanunsa daidai inda nake, har na ji kamar sun buɗe. Sannan ya sa sabon gawayi, aka haɗa da batir, ta juya da ƙarfi. Na tafi zikirina. Irin wannan sitatar takan tashi sau ɗari lafiya, sai ranar da ta tsaya a kan mataccen haƙorin.

Ta tsaya a wani kwari mai yashi, tafiyar kwana biyu daga Omdurman, inda babu mai iya tura lori da kaya. Da ruwa ya yi ƙasa, Kawu ya bar wa mata da yara rabonsa, ya tafi neman rijiya da ƙafa. Wata lori ta tsinci sauran da ransu. Shi ba a ga ko takalminsa ba.

Bayan sadakar bakwai aka kawo wa Kaka sitatar a buhu. Da rana tsaka ne, unguwa ta yi tsit, ko akuya ba ta motsi. Ya kwance ta da kansa, ya kira ni.

"Wane launi?"

Baƙin ya dawo a kan haƙoran nan biyu, daidai inda yake a da.

"Baƙi ne, Kaka."

Ya ja farcensa a gefe, inda gawayi ba ya kaiwa, inda sawun takardar yashina yake kwance har lokacin. Ya ce, "Innarka ba za ta ji wannan a bakina ba." Bai dake ni ba. Bai kuma sake kirana malalaci ba har ya rasu.

Amma kullum bayan azahar yakan zauna da sitatar a cinya yana juyawa, farcen yana faɗawa a ramin da ƙunar ta bari, ƙas, ya zagayo, ƙas. Inna tana tsammani tasbihi yake. Ta rasu ba ta sani ba, ni kuwa na yi ta cin tuwonta.

Yanzu injinan lantarki da yawa ba su da gawayi, a rufe suke zuwa, idan sun mutu a jefar. Gidan Umbadda yaƙi ya raba mu da shi, sitatar tana can a kan taga idan ba a ɗauke ba. Nawa idon ma ya fara hazo. Jiya na ɗora farce a kan wata kollekta, na ji ta yi santsi, ga jikata a tsaye tana leƙen ƙawayenta a waje. Na tambaye ta wane launi, na tsaya ina jira.