Keken Gwaggo da Ƙofar Masaƙa

Gwaggona tela ce, kuma duk layinmu an san ba a taka ta a zauna lafiya. Shagonta yana manne da katangar tsohuwar masaƙa, inda mijinta ya yi gadi har ya rasu. Ranar da gobara ta tashi a masaƙar, shi ya kama sakatar ƙofa da ta yi jajir da wuta, ya zare ta, mutane suka tsira. Yatsunsa suka nannaɗe, bai ƙara iya saka maɓalli ba. Tun daga nan Gwaggo ta riƙa ɗinka masa riguna masu igiya a wuya.

Da 'yan fim suka zo yin labarin gobarar, har kujeru ta ba su aro. Sai ta leƙa ana gwaji, ta ga mai fitowa a maigadi ya garƙame ƙofa ya ruga da makulli.

Ta tare darakta. "Ɗan nan, wa ya gaya maka haka aka yi?"

"Mama, ai fim ne. In babu mugu, wa zai kalla? Kuma ba mu ambaci suna ba."

"Maigadi nawa ne a ƙofar nan? Jikokinsa a layin nan suke wasa."

Ya yi mata dariyar da ake yi wa tsofaffi ya wuce. Ni na ji haushi har na so yin zagi, ita kuwa keken ɗinkinta kawai ta jawo bakin shago. Keken nan ya girme ni, in ana taka shi sai ka rantse injin niƙa ne. Da an ce a yi shiru za a ɗauka, sai ta ɗora ƙafa. Mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa ya dafe kai. Suka roƙa, suka turo manya, ta ce ita sana'arta take yi. Da ɗinki ya ƙare, tsummoki ta riƙa haɗawa. Ƙafarta ta kumbura na ce ta huta, ta ce in ba zan taya ta takawa ba in matsa.

Darakta ya gaji, ya cire maigadin gaba ɗaya. A fim ɗin, hayaƙi na turnuƙewa sai ƙofa ta wangale da kanta.

Na ɗauka Gwaggo ta yi nasara, har na yi mata barka. Ta harare ni. "Ke kin taɓa ganin ƙofar da ta buɗe kanta?"

Yanzu duk ranar da za a nuna fim ɗin a gidan kallon layinmu, tana bakin ƙofa a kan kujerarta, da riga mai igiya a cinya. Duk wanda ya fito sai ta ɗaga masa ita ta ce, "Tsaya, ɗana. Ka san abin da ya sa rigar nan ba ta da maɓalli?"