Jan Biro a Kan Teburin Nama

Gidan babana yana gefen dutse, a unguwar da irinmu ba sa kwana yanzu. Da guminsa na haƙar kuza ya gina shi, ɗaki huɗu da zaure. Shekarar da gari ya rikice aka ƙone shi. Ni na fita ta baya da matata da 'ya'yana. Ƙanena bai fita ba. Tun daga nan nake haya kusa da Abbatuwa, inda nake fawa. Gidan yana nan tsaye babu rufi. Sau biyu a shekara nakan je da hantsi in sare ciyawa, in baro wurin kafin la'asar.

Wata damina na je na tarar an zana jan fenti a bangon zaure, an manna takarda a ƙasansa. Ban yi boko ba. Na ɓamɓaro ta na kawo kwata, wani dillalin shanu ya karanta mini. Wai duk kangon da mai shi ya yasar za a rushe, a karɓe filin. Mai magana ya rubuto wa ofishin filaye da Turanci kafin wata ya ƙare.

Aka ce in je unguwar Kongo-Rasha, akwai mai kwamfuta da ya iya rubuta wa manya. Na same shi da farar riga da biro uku a aljihu, mutane sun yi layi a benci.

"Baba, zauna. Me ke tafe da kai?"

Na ce gidan ubana ne. Ƙone shi aka yi. Ban yasar ba. Kada a rushe.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya yi dariya har ya juya kujera. "Haba Baba! Manya fa za a rubuta wa. Wannan ai kamar ka faɗa gidan surukai ba sallama ne. Bar ni da aikina."

Bai ƙara tambayata komai ba. Ya yi ta danne-danne, inji ya tofo shafi huɗu. Ya miƙe ya karanta da ƙarfi, yana ɗaga murya yana saukewa kamar mai wa'azi. Na kan benci suna cewa, "Oga, ka gama da su!" Ban fahimci kalma ɗaya ba, amma ƙirjina ya buɗe. Na ji na zama mutum. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin haushin kaina. Na dangwala yatsa, na kai ofis, aka buga hatimi.

Bayan sati biyu wani tsohon maƙwabcinmu da ya rage a unguwar ya kira ni a waya. Ya ce an zo da igiyar awo, an auna gidan. Na ajiye wuƙa na tafi ofishin da jinin shanu a gaban rigata.

Akawun ya zaro takardata daga tari. Ya duba shafin farko, ya juya na ƙarshe.

"Ai kai ka yarda."

"Na yarda da me?"

"Ga yatsanka nan. Malam, ka ga tarin nan? Farko da ƙarshe muke dubawa. Farkonka gaisuwa, ƙarshenka ka ce ka amince. In kana da wata magana, saura kwana uku."

Na karɓi kwafin na fito. Ana yayyafi, hazo ya rufe duwatsu. Ban san na iso kwata ba.

Washegari Asabar. Akwai wata dattijuwa da ta fi shekara ashirin tana sayen hanta a wurina, Mama nake ce mata. 'Yar ƙasar nan ce, daga wajen Vom, can ta yi aikin buga takardu a wani ofis har ta yi ritaya. Coci take zuwa. Ba mu taɓa zancen da ya wuce nama da ciwon gwiwa ba. Ta tsaya tana kallon yadda nake daddatsa hantar.

"Mai nama, yau wuƙarka yana fushi. Wa ya taɓa ka?"

Ban yi niyyar faɗa ba. Na zaro takardar na ajiye a gefen sikeli. Ta goge hannu da bakin zane, ta sa tabarau, ta zauna a bencin da muke ajiye ganda. Ta karanta har ƙarshe. Sannan ta buɗe jaka ta fito da jan biro.

"Zan karanta maka da Hausa, layi-layi. Wanda kai ka faɗa, ka ce naka. Wanda ba ka faɗa ba, ka ce yanke. Ka iya yanka ai."

Ta fara. Wai ni mafi ƙasƙanci cikin bayinsu, ina durƙusawa gaban hasken da ke haskaka Filato. Wai ni turɓaya ce a ƙarƙashin takalminsu.

"Naka?"

"Ni ne turɓaya? Yanke."

Ta ja layi. Shafin farko kaf ya tafi a haka. Na biyu tarihin zaman lafiya ne tun daga Annabi Adamu, da addu'a ga matansu da 'ya'yansu. A tsakiyarsa ta tsaya, ta leƙo ni ta saman tabarau.

"Kana ɗinki?"

"Wane ɗinki?"

"Nan ya ce ka yi asarar keken ɗinki guda uku."

Mahautan da ke kusa suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Sarkin fawa ya koma tela, a kawo masa yadi!" Ni ban yi dariya ba. A nan na gane takarda ɗaya ce da mutumin nan, ita yake tofo wa kowa, suna kawai yake canzawa. Kukan wani tela ne na dangwala wa yatsa.

Gidan babana sai a shafi na uku ya fito, can ƙasa, layi biyu. Mama ta karanta sau biyu a zuciyarta kafin ta faɗa mini.

"Ya ce, gidan da ka yasar sakamakon wasu abubuwa marasa daɗi da suka faru. Kalmar da suka sa a takardar bango, ita ya ɗauko ya sa a bakinka. Da hannunka ka ce musu ka yasar."

Abubuwa marasa daɗi. Haka ya kira ƙanena. Shafi na huɗu kuwa cewa yake duk hukuncin da suka yanke na karɓa hannu bibbiyu da farin ciki.

Na kama bakin tebur. Na ce, "Mama, juya bayan takardar. Rubuta abin da zan faɗa."

Na faɗa. Shekaru ban yi magana mai tsawon wannan ba. Na kira sunayen mutum biyar da aka ce su suka zo da fetur. Na ce Allah ya isa tsakanina da su, da ofishin, da mai kwamfuta, da duk wanda ya riƙe igiyar awo. Ta rubuta duka, ba ta katse ni ba. Da na gama ta sake ɗaukar jan biro.

"Mutum biyar ɗin nan, ka gan su da idonka?"

"Kowa ya sani."

"Ban tambayi kowa ba."

"Ina can ta bayan gidan da yara a hannu. Ta ina zan gani?"

Ta ja layi a kansu.

Jini ya hau mini kai. Na ce, "Don naku ne."

Mama ta ajiye biron. Ta cire tabarau, ta ninke, ta dube ni.

"Ɗan yayata ma bai dawo ba a satin da gari ya rikice, mai nama. Ban taɓa sa maka shi a sikeli ba. Me kake so daga takardar nan? Gida, ko a ji kana fushi? Takarda ɗaya, buƙata ɗaya. In ka sa abin da ba ka gani ba, a kansa za su tsaya, su manta da gidan."

Ban ba ta haƙuri ba a ranar. Ta ci gaba da jan layi. Allah ya isa ya tafi. Mai kwamfuta ya tafi. Da ta zo kan ƙanena ta ɗaga biro, na dafe takardar da tafin hannu, har jini ya ɓata gefenta.

"Wannan ba kitse ba ne."

"Ban ce zan cire ba. Layi huɗu ka yi masa. Ɗaya ya fi ƙarfi." Ta rage shi ya koma: ƙanena ya mutu a cikinsa.

Ta tambaye ni abubuwan da mai kwamfuta bai tambaya ba. Ina da takardar filin? Ina da ita, a cikin kwallar matata ta fita. Ina zuwa gidan? Wa zai shaida? In an bar mini, me zan yi da shi? Na ce zan rufa. Ta ce yaushe, don "nan gaba" ba lokaci ba ne. Na ce kafin wata damina.

Ta tafi da takardar gida ta buga a tsohuwar tafiretarta, ta kawo mini ranar Litinin da sassafe. Layi tara. Ta karanta mini da Hausa sau biyu, har na haddace. Buƙatar ce a layin farko: ina roƙon kada a rushe gida mai lamba kaza. Gidan mahaifina ne, ga takardarsa. Ban yasar da shi ba. Ƙone shi aka yi, aka kore mu, ƙanena ya mutu a cikinsa. Ina zuwa ina share shi, maƙwabci zai shaida. Zan rufa shi kafin damina mai zuwa. Wannan ta soke takardata ta farko.

Na ce, "Ba gaisuwa?"

"Akwai. Kalma biyu. Ta ishe su."

A hanya na biya ta Kongo-Rasha, na ajiye wa mutumin takardun biyu a gabansa. Ya duba tamu ya taɓe baki.

"Baba, wannan ai jerin cefane ne. Wa zai girmama ka da wannan?"

Na ce, "Ina kekunan ɗinkina?"

Bai gane ba. Akwai wata tsohuwa a benci da takarda a hannu tana jiran layi. Na ce mata, "Iya, kafin ki dangwala, sa a karanta miki da Hausa." Na fita, don wuƙar aiki tana ƙuguna kuma na san kaina.

Akawun a tsaye ya karanta, bai kai shan kofin ruwa ba. Ya ɗago kai.

"To me ya hana ka faɗi haka tun farko?"

Na faɗa tun farko. Jimla huɗu na faɗa, a kan kujerar mai kwamfuta. Ban ce masa haka ba. Ya shiga ciki da takardar, ya fito ya ce an cire gidan daga jeri, amma in yi sauri, motar rusau tun Asabar take unguwar.

Na hau acaɓa. Na tarar ɗakuna huɗu a tsaye. Zauren babu. A ranar da muke zaune da Mama muna jan layi, a ranar suka ture shi, saboda shi ne a bakin hanya kuma takardata ta ce na amince da farin ciki. A zauren nan babana yake shan rake da yamma, a nan aka ɗaura aurena. Na tsaya a kan tarin ƙasa, ga guntun bango mai jan fenti a kife.

Kafin damina na rufa ɗaki ɗaya, wanda ƙanena yake kwana. Sauran suna jira. Zauren ban tayar ba, tarin yana nan, ciyawa ta fito a kai, ina sare ta tare da sauran.

Asabar ɗin da ta biyo baya Mama ta zo sayen hanta. Na ce mata maganar da na yi rannan ta "naku ne", a ja mata layi. Ta ce ta riga ta ja, in yanka mata wajen da babu jijiya.