Libarbar Yaya Ba Ta da Laifi

Mutumin da nake kira Yaya ba ɗan'uwana ba ne na jini. Garinmu ɗaya. Shi ya taro ni a filin jirgi da na zo karatu London, ya ajiye ni a falonsa a Woolwich har na samu ɗaki, kuma shi ya karɓa mini aure. Injiniyan hanya ne, ya yi aiki da hukumar unguwa har ya yi ritaya. Mutum ne mai kyauta, mai faɗa, wanda in ya ce nan ne gabas, sai dai kowa ya juya can. Bindiga ce ta raba mu, kuma har yau abin yana cina.

Mahaifinsa maharbi ne, da harba-ka-ruga ya ciyar da su. Saboda haka da Yaya ya samu sarari sai ya shiga wani kulob na masu harbi a bayan gari, ya nemi lasin. A ƙasar nan an hana mallakar ƙaramar bindigar hannu. Libarba, wato mai gidan harsashi mai juyawa, ba a yarda da ita sai an tsawaita mata baki, an kuma liƙa mata wani ƙarfe a bayan ƙota don kada ta shiga aljihu. Irinta ya saya, magnam mai lamba arba'in da huɗu, babbar gaske. Ran da ya fito da ita daga akwatin ƙarfen da ya kafe a bangon ɗakinsa, na ce masa wannan ai muciya ce. Bai yi dariya ba.

Kafin 'yan sanda su ba mutum lasin sai ya kawo masu shaidar halinsa, kuma ba a karɓar dangi. Ni ya fara kawowa. Na ji daɗi ƙwarai, don Yaya ba ya neman alfarma wurin kowa.

Ni ke tuƙa shi duk Asabar, in tsaya a baya da abin toshe kunne ina kallo. Ban taɓa harba ta ba. Dokar irin wannan bindiga ita ce mai lasin kaɗai ke taɓa kunamarta, ko a cikin kulob ba a aron ta. In ta tashi har cikin haƙora nake ji. Tana naushin hannu, tana cin fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, kuma ƙarfin bugunta yana kwance mata notuna, sai ya bi su da sukundireba bayan kowane zuwa. In burbushin albarushi ya maƙale, gidan harsashin nan mai juyawa yakan yi tauri, sai a sa buroshi. Iyakar halinta ke nan. Ba ta taɓa ƙin tashi ba, ko sau ɗaya. Yaya yakan tara harsashi shida a tsakiyar takardar da ake kafawa a harba, ya ciro ta ya miƙo mini, ya ce in nuna wa ɗalibaina na lissafi su ga yadda ake aiki.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka, har harsasan suka fara watsewa. Wani ya tafi hagu, wani ƙasa, wani ma ya bar takardar gaba ɗaya. Yaya ya ce bindigar ta fara tsufa. Ya canja irin harsashin da yake saya, ya juya saiti, ya mayar, ya sake juyawa. Daga baya ya ce gidan harsashin ne ba ya tsayawa daidai da baki, muka kai ta wurin wani tsohon Bature mai gyaran bindiga. Shi doka ta yarda masa ya gwada. Ya shiga ciki ya harba shida, ya fito da takardar, ramukan duk a manne da juna. Ya dubi takardar, ya dubi hannun Yaya a kan tebur, sannan ya dube ni. Ya ce akwai wani noti da ya ɗan saki, ya ɗaure shi. Yaya ya fito yana cewa ai dama ya faɗa.

Ni kuwa na daɗe da ganin abin da Baturen ya gani. Hannun dama na Yaya rawa yake yi. A masallacin Regent's Park, in muna zaune kafin huɗuba, yakan danne shi da na hagu a kan gwiwa. Amma ta yaya zan dubi mutumin da ya karɓa mini aure in ce masa hannunka ya gaji?

Wata Asabar ya harba uku, duk suka ɓace. Ransa ya ɓaci, ya juyo gaba ɗaya don ya yi mini ƙorafi, bindigar na hannunsa, a ɗane, yatsansa a kan kunama yana karkarwa. Bakinta ya bi ta kan cikina a hankali ya wuce. Mai kula da filin yana can yana duba wani, bai gani ba. Yaya ya gama faɗansa ya juya ya ƙarasa sauran ukun. Mutumin da ya koya mini cewa ba a nuna bakin bindiga ga mutum ko da babu komai a cikinta, bai ma san ya yi ba.

A mota na yi ƙarfin hali.

"Yaya, da ka yi booking ka ga likita kan hannun nan."

"Wane hannu?"

"Na dama. Kuma ɗazu ka juyo da ita kaina."

"Ni? Allah ya kiyaye. Kai dai tsoro ne da kai tun kana yaro." Da muka wuce fitilun hanya biyu sai ya ce, "In na je wurin GP, likitan unguwa, washegari police sun sani. Za su yi cancel ɗin lasin ɗina. Kada ka ƙara tada maganar nan."

Ashe ya sani. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Lokacin sabunta lasin ya zo, ya sake ba da sunana ba tare da ya tambaye ni ba, don a wurinsa ba abin tambaya ba ne. Wata 'yar sanda ta kira ni ina ɗakin malamai. Ta yi tambayoyinta cikin ladabi, a ƙarshe ta ce ko akwai wani abu game da lafiyarsa da ke damuna. Na tuna filin nan, da mutanen da ke tsayawa kusa da shi da 'ya'yansu na jiran su a gida. Na faɗa mata duka.

Bayan ɗan lokaci suka je gidansa. Ba su yi masa wulaƙanci ba. Suka nemi ya ga likita, likita ya tabbatar da ciwon, ya ɗora shi a kan magani. Bindigar ta koma wurin tsohon Baturen, ya sayar wa wani. Na ji an ce har yanzu tana aiki lafiya lau.

Yaya bai tambaye ni ba, ban kuma ɓoye ba. Da na je gidan na ce, "Yaya, ni ne na faɗa musu." Ya ce, "Na sani." Bai ɗaga murya ba, shi da yake faɗa a kan gishirin miya. Tun daga ranar ya daina kirana. In na kira sai matarsa ta ɗauka ta ce yana hutawa, muryarta cike da kunya. Ita kam ta taɓa tare ni a kasuwar Woolwich ta ce Allah ya saka mini da alheri, ta yi sauri ta wuce kamar ta yi laifi.

Ba na nadamar gaskiyar da na faɗa, in aka sake tambayata ita zan maimaita. Abin da ke damuna shi ne a bakin baƙuwa maganar ta isa gare shi, a ƙofar gidansa, a gaban iyalinsa. Kuma ina kewarsa, ina kewar faɗansa.

Da ƙaramar Sallar da ta wuce na ɗauki iyalina muka je gaishe shi. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya amsa gaisuwa, ya sa wa yara albarka. Aka kawo shayi, ya ɗauki kofi, kofin ya shiga kaɗawa, shayin na zuba a kan farar shaddarsa. Na yi wuf na miƙa hannu in riƙe masa.

Ya janye kofin zuwa ƙirjinsa, ya dube ni ido cikin ido.

"Bar shi, Malam," ya ce. "Kada ka je ka ce musu kofi ma ya fi ƙarfina."

Na mayar da hannuna kan gwiwata. Ya shanye abin da ya rage, ni kuma ina zaune ina kallon shayin yana bin rigarsa.