Fatun Layu a Tarun Baba

Shekarun da aka kawo Shari'a jihar Kebbi, wa'azi ya iso har bakin ruwanmu a Bagudo, masunta suka shiga tsinke layun da ke wuyansu da ƙugunsu. Baba na cikin na farko. Ya zauna gefen kwale-kwalensa da reza, ya farke kowace laya, ya zare takardar ciki ya kai wa liman, fatun kuwa ya watsar a yashi. Sauran masunta ma haka suka yi.

Ni a lokacin na dawo daga kwalejin da na koyi zane, ba aikin yi sai rubuta allunan shaguna. Na tsaya ina kallon fatun nan, sun yi baƙi da gumi da ruwan kogin Kwara, wasu sun girme ni. Raina ya ƙi yarda a bar su ga awaki. Na bi gaɓa ina tsinta har na cika buhu. Baba ya dube ni ya ce, "Kai da anka kai boko, shara kaka kwasa?"

Na ɗauko tsohon tarunsa da ya daina shiga ruwa, na ɗinke fatun a jiki ɗaya bayan ɗaya, manya a tsakiya, ƙanana suna bazuwa zuwa gefe yadda kifi ke watsewa in an jefa dutse. Na rataye shi a bangon zaurenmu. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba, kuma ba sai an gaya mini ba.

Fitinar daga ƙetaren iyaka ta zo. Wani dillali ɗan Benin, mai sayen kayan fasaha yana kaiwa Kwatano, ya ji labari ya zo. Ya yi ta jinjina kai, sannan ya ce zai saya, amma sai na yayyafa jinin kaza na manna gashinta, don masu sayen can sun fi son abin da aka ce yana aiki. Na ce masa ni mai zane ne, in boka yake nema ya yi gaba. Ya tafi da haushi, ya zauna a kasuwar Illo yana ba da labarin wai ya ga tsafi mai ƙarfi a gidanmu.

Kafin mako ya zagayo, masu wucewa sun fara kauce wa ƙofarmu. Baba ya ce in cinna wa abin wuta mu huta, shi ba zai iya da kallon da ake masa a masallaci ba. Na ji tausayinsa ƙwarai, amma na ƙi.

Wata rana bayan la'asar liman ya zo da jama'a, wani har da kwalbar kananzir a hannu. Na tsaya a gaban tarun na ce, "Allah gafarta Malam, a duba su duka. In an iske komi ciki, ni da kaina nika ƙyasta ashana."

Liman mutum ne mai haƙuri. Ya bi su yana zura yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ya gaji da tsayuwa. Ya juyo ya ce, "Babu komi ciki. Amma ɗana, mi ne amfaninai? Abin da ka tada hankalin mutane, gara a kau da shi."

Mai kananzir ya matso. Na ƙara manna bayana da tarun, na ƙudura sai dai su ɗauke ni tare da shi.

Sai wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta ratso mazan. Mijinta masunci ne, zazzaɓi ya kashe shi da daminar da ta wuce, ko hotonsa ba ta da shi. Ta miƙa hannu ta bayan kafaɗata ta kama wata ƙaramar fata mai ɗinkin jan zare.

"Wagga ta maigidana ce," in ji ta. "Ni nid ɗunke ta da hannuna, randa tay yage."

Ta kai ta hanci ta rufe ido. Mai kananzir ya mayar da kwalbarsa bayansa, Baba ya sunkuyar da kai yana share fuska da hularsa.

Liman ya dube ta. Sannan ya ce a bar tarun a rataye, amma kada wanda ya kuskura ya roƙi wani abu a wurinsa.

"Ba ni roƙon komi, Malam," in ji ta. "Warin guminai kawai nika son in ji."

Tarun na nan a bangon har yau, ban sayar ba. Ita kuwa, har ta rasu, duk Juma'a sai ta zo, ni kuma in ajiye mata kujera daidai inda hannunta zai kai.