Tarwaɗar Inna

Wata Asabar ce, a daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, mota ta tsaya a bakin lungunmu na Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, aka sauke wani ƙaton baƙin tanki na roba. Zauren gidanmu ya yi masa kaɗan, sai da ɗaliban Baba suka ɗaga shi ta kan katanga, mu yara muna ta ihu. Mutanen wata jami'a ne suka kawo shi, a wani shiri na koya wa matan aure kiwon kifi a cikin gida. Tunda maza ba sa shiga, wata malama Bayarabiya ce, wadda muke kira Dakta, ta shigo ta zauna kan tabarma, ta nuna wa Inna yadda ake ba 'ya'yan tarwaɗa abinci da yadda ake ware manya don kada su cinye ƙanana. Ni nake yi musu tafinta. Ban taɓa ganin Inna ta saurari wani abu da zumuɗi irin na ranar ba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, kifi ruwa yake ci fiye da abinci. In ruwan ya jima sai ya yi kore, ya fara wari, dole a zubar a sake. Da damina ba laifi, mukan tara na indararo. Da rani ya shigo, aikin ya dawo kaina ni da Yaya Rabi. Kafin makaranta mu yi sawu, bayan Islamiyya mu koma, gammo a ka, daga rijiyar wani gida can wajen unguwar Mokola. Ƙawayena na 'yar gala-gala a ƙofar gida, ni ina wucewa da bokiti, ruwa na bin wuyana. A aji nakan yi gyangyaɗi. Maƙwabta kuma ga ƙorafin warin kwata. In na ɓata rai, Inna takan ce, "Yi haƙuri Hadiza, sun kusa girma."

Ba su kai ga girman ba. Rijiyar ta ja baya, mai gidan ya sa mata kwaɗo. Kifayen suka riƙa tasowa sama suna buɗe baki, randar alwalar ɗaliban Baba kuma ta ƙafe. Baba bai yi faɗa ba, ya dai tsaya ya dubi tankin, ya dubi Inna. Ita da kanta ta kwashe su, ta hura wuta, muka yi ta banda har idanunmu suka yi ja. Dakta ta zo ta same mu cikin hayaƙi. Ta dubi Inna ta ce, "Pele, Mama," wato sannu da Yarbanci. Ta yi ta neman a haƙa wa unguwar burtsatse, amma wa'adin shirin ya cika kafin a amsa mata.

Yanzu gidan yana da burtsatse, 'yata murɗa famfo kawai take yi. Samari suna kiwon tarwaɗa a yankin Akinyele da ke bayan gari, sukan zo su tambayi Inna abin da Dakta ta koya mata, ba ta manta ko ɗaya ba. Na ce mata ko za ta sake gwadawa, sai ta shafa gwiwoyinta ta yi murmushi. Ruwan ya zo, amma ya tarar da ita ta gaji.