Ƙotar Hauya a Kasuwar Dabbobi

Bara, ranar wata kasuwar Dakoro, na kifa malfar kakana a ka, na gicciya ƙotar hauyar Baba a kafaɗa, na shiga kasuwar dabbobi a matsayin Bafulatani. Ba wanda ya aike ni. Ni na zauna na yi tunanin, ya yi mini daɗi, har na yaba wa kaina.

Abin ya faro ne daga mushenmu, wato malaminmu na Faransanci. Ya raba mu biyu-biyu, ya ce mu yi bincike mu zo mu yi bayani gaban kilas, abin da muke ce wa espoze. Ni da abokina aka ba mu yadda ake nuna makiyaya a finafinan da muke kallo a waya.

Abokin nan Bafulatani ne na gaske, daga wata ruga can bayan Bader Goula. Shekara biyu ke nan yana gidanmu, ɗakinmu ɗaya, don babu koleji kusa da su. Yana ce mini Kaɗo, ina ce masa Arɗo. Mahaifinsa, wanda duk muke kira Baffa, bai so karatun ba tun farko. Ranar da ya kawo shi ya gaya wa Baba magana ɗaya: in gari ya mai da yaron abin dariya zai zo ya ɗauke shi, shanu dai ba sa yi wa kowa dariya.

Tun da aka haife ni ban ga aikin gida mai daɗin wannan ba. Duk sanda Inna ta leƙo ta ce in je ɗebo ruwa, sai in ɗaga mata waya in ce karatu muke. Muka kalli finafinai har batir ya nemi gafara. A kusan kowanne sai Bafulatani ya shigo gari, ya ga babur ya haye bishiya, ko ya gai da madubi, ko a sayar masa da akuyarsa. Ni ina dariya ina birgima a tabarma, abokina yana rubutu a kaye, littafinsa na makaranta. Na ɗauka mugun son maki ne ya hana shi dariya.

Sai mushe ya ce kallo bai isa ba, mu je mu tambayi makiyaya da kansu. Abokina ya ce in jira shi ya gama wanki mu tafi tare. Ni kuwa na ga ai mutum ya fi sakin jiki da ɗan'uwansa. In na je a Bahaushe za su rufe baki, in na je a Bafulatani har sirrin rugarsu zan kwaso. Sandan kiwo ne babu a gidanmu, shi ya sa na kwance hauyar Baba.

A gefen da ake ɗaure bijimai na hangi dattawa biyar a inuwa, sun ba ni baya, suna shan shayi. Na rataye hannuwa a kan ƙota, na ɗage ƙafa ɗaya, na karya harshe irin na fim, na buɗe da “Aradu”. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba, ko jakin da ke wurin sai da ya sunkuyar da kai.

Mai baƙin rawani ya juyo. Baffa ne.

Ya dube ni tun daga malfa har silifa. Cikin Hausar da ta fi tawa tsabta ya tambaye ni ko ni Babarbare ne, don su ne abokan wasan Fulani, su aka yarje wa tsokana. Na ce a'a, amma an ce kakar kakata daga wajen Gabas ta fito. Ya ce wannan ko rabin zolaya ba ta saya mini ba. Ya karɓi sandana, ya juya shi, ya nuna wa dattawan ramin da bakin hauya ke shiga. Ɗaya ya ce yau sun ga makiyayin da ke kiwon gero. Suka yi dariya, ni ma na taya su, na zaci an wuce wurin.

Baffa bai yi ba. Ya ce, “Haka ake yi wa wancan a lakwal?” Makarantarmu yake nufi.

Abokina ɗan fari ne, Baffa ba ya kiran sunansa, “wancan” yake ce masa. Kuma ga wancan ɗin tsaye bayana da kaye a hannu, ban san sanda ya iso ba. Baffa ya dubi wani bijimi ya ce wancan ya haɗa kayansa, bayan la'asar za su kama hanya.

A gida Inna ta yi mini wanka da baki, Baba ya ce in tashi daga gabansa kafin ya mai da ƙotar nan inda ta dace. Na shiga ɗaki na tarar da abokina yana ninke riguna. Na ce ya je ya roƙi Baffa. Ya ce shi bai taɓa mayar wa Baffa magana ba, ba yau zai fara ba. Na ce to ni zan je in kwanta gaban motar kasuwa. Ya ce direban zai gode. Can ya miƙo mini kayen.

“Kaɗo, kai da bakinka ba ya gajiya, je ka karanta masa wannan. Da muryarka ta gaskiya.”

Baffa yana zaure tare da Baba. Na durƙusa, na buɗe kayen, ina karantawa ina mayarwa da Hausa. Ashe duk lokacin da nake birgima, abokina yana rubuta abin da fim ya nuna a hagu, abin da ya sani a dama. A hagu, mutumin da ke tsoron babur. A dama, mutumin da ke kallon sawu a rairayi ya faɗi saniyar wa ce ta wuce, kuma da ciki ko babu. A ƙasa ya rubuta cewa in makiyaya ba su yi karatu ba, wasu za su ci gaba da sa malfa suna magana a madadinsu. Da na zo nan sai na ture malfar da ke gefena can baya.

Baffa ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce an manta rijiya. Bai taɓa ganin fim ya nuna mutum ya yini yana kora bijimi da igiya, ana jawo guga daga rijiyar da in ka leƙa ba ka ganin ruwa ba. Ya ce in rubuta. Na rubuta. Ya ƙara da ranar sa wa jariri suna da maraƙar da ake ba shi, ya ƙara da yadda yake jin labarin kasuwa a wayarsa tun kafin ya baro ruga. Aka kira la'asar yana magana, aka idar ya ɗora daga inda ya tsaya. Bik ɗina, wato biro, ya ƙare, na ari na Baba.

Da ya miƙe ya ce wancan ya zauna ya faɗi wannan a gaban mutane. Ni kuma, tunda ina son zama Bafulatani, in zo ruga da hutu a koya mini.

Mun samu sha huɗu bisa ashirin. Mushe ya ce ya rage biyu don na cika katse abokina. Da hutu na yi kwana tara a bakin rijiya, tafin hannuna ya saɓule, ƴan matan rugar suka riƙa kwaikwayon tafiyata. Abokina yana ɗakinmu har yanzu, bana za mu yi jarrabawar fita koleji tare.